Yau Me Za a Ci da Dare?

Masu rubuto min "ki yi haƙuri, iyaye ne", don Allah ku karanta na yau tukuna kafin ku sake rubutowa. Na san iyaye ne. Ba wanda ya taɓa ɗaga min hannu a gidanmu, ba wanda ya zage ni, ba a kuma ce ga wanda zan aura dole ba. Tawa matsalar daban ce. Ni a gidanmu ba a son in yi aure. Ba wanda ya faɗa da baki, kuma da za ku tambaye su sai su rantse ba haka ba ne, su rantse da gaskiyarsu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: mu uku ne a wurin iyayenmu, Yaya ne babba, ni ce ta tsakiya, sai Auta da take jami'a. Shekara uku ke nan da Mama ta yanke jiki ta faɗi a kicin, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, maganarta ta koma kalma ɗaya ɗaya, ita ma sai ta yi da ƙyar. A lokacin na gama karatu ina jiran kiran aiki. Aka ce in riƙe kicin kafin Mama ta miƙe. Kiran aikin ya zo ya wuce, ni kuwa har yau ludayin yana hannuna.

Bari in kwatanta muku kicin ɗinmu, don ku san inda nake rayuwa. Yana kallon yamma, daga azahar rana ke zama a bangonsa, idan ka jingina sai ka ji kamar ka jingina da dutsen guga. Taga ɗaya ce, ƙarama, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Akwai fanka a sama, amma da na kunna sai ta riƙa kashe min wutar gas, don haka tana nan ne kawai don ado. A irin wannan watan na zafi, kafin albasa ta yi ja rigata ta manne min a baya, ɗankwalina ya jiƙe kamar an tsoma shi a ruwa. Riguna biyu na ware wa kicin, dogaye na auduga, duk sun koɗe, duk ƙanshin soyayyen mai suke yi ko an wanke su.

Aikin ba shi ne ya fi cina ba, tunanin ne. Tun ina kan sallayar asuba nake lissafin abincin dare. Baba ba ya cin gishiri sosai, ba ya cin mai yawa, likita ya hana. Mama sai mai laushi, wanda ba zai shaƙe ta ba. Yaya da iyalinsa a saman bene suke, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, aikin kwana take yi, ba na ganin laifinta, amma shi da yaransa a tukunyata suke. Shi kuma Yaya ko garin zai narke sai ya ci abinci mai zafi mai yaji, wai abin da bai sa shi gumi ba bai ƙoshi da shi ba. Auta kuwa tana kwance a ɗaki sai ta turo min bidiyon wasu mata suna haɗa salak a kicin fari tas mai na'urar sanyi, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, ki gwada mana wannan yau mana, shi ake ci da zafi." Idan na tambaye su me suke so in dafa, kowa sai ya ce duk abin da na ga dama. Idan na dafa abin da na ga dama, sai in ji Yaya yana tambaya ko babu wani abu ne bayan wannan.

A zafin bara na kwanta zazzaɓi, har ba na iya ɗaga kai. Yaya ya tausaya min sosai. Da kansa ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a ƙofar kicin, ya ce in zauna kawai in riƙa gaya wa Auta abin da za ta yi. Ba a jima ba ta zuba taliya a ruwan sanyi, na miƙe na karɓa. Da daddare Baba ya ci ya ce, "Mamana, ko da zazzaɓi hannunki daban ne." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka. Kuma ku ji abin haushi, na ji daɗin maganar. Na koma ɗaki jikina na rawa ina murmushi.

To, ranar da zan ba ku labari, an ɗauke wuta tun jiya da rana ba a dawo da ita ba. Da safe na buɗe firji wani wari ya buge ni. Kazar da na yanka na jiƙa da kayan ƙanshi don abincin dare ta yi yauƙi, madarar Mama ta tsinke, tumatir ya koma ruwa a leda. Na tsuguna ina kwashewa ina zubarwa, sai wayata ta yi ƙara a kan kantar kicin.

Kemis ne. Haka na ajiye sunansa a waya tun farko don kada Auta ta gane, sunan kuma ya bi shi. A shagon magani na bakin titinmu yake aiki, can nake sayo magungunan Mama. Shi ne mutum na farko da ya taɓa kallona bayan ya miƙo min leda ya ce, "Ita Mama ga nata. Ke fa, kina barci kuwa?" Na tsaya kamar an tambaye ni da wani yare. Daga ranar ya sa min suna 'Yar Mama. Ya riga ya zo wurin Baba har sau biyu, duk amsar ɗaya ce: a ɗan jira jikin mahaifiyarta ya ƙara kyau.

Saƙon ya ce: "'Yar Mama, sun ba ni aikin. Ni zan riƙe sashen magani na asibitin gaba ɗaya, har da gida. Amma garin da nisa, kin sani, kuma a makon nan suke son amsa. Na kira Baba, ya ce in zo da yamma, ya ce ma in ci abinci a nan."

Na karanta na zauna daɓas a ƙasan kicin kusa da bokitin shara. Wannan aikin ya daɗe yana nemansa, ni na taya shi addu'a. Na rubuta masa barka, na sa masa fure. Sai ya ƙara turowa: "Kar ki wahalar da kanki a zafin nan. Ko ruwa kika ba ni ya isa."

Dariya ce ta kama ni ni kaɗai. Kar in wahalar da kaina. Mutumin da zai zo neman a ba shi ni, firji a mace, kaza a bola, rana ta fara hawa.

Na yafa mayafi na fita kasuwar bayan layinmu. Kwalta har ɗan laushi take yi a ƙarƙashin takalmi. Na sayi kifi ɗanye wurin matar da ke da janareta, na sayi ƙwai, kokwamba, lemun tsami, yogot, da kankana ɗaya wadda na ƙwanƙwasa na ji ta nuna. Mai ƙanƙara ya ce saura guda ɗaya, ita ma wani ya riga ya kama, na tsaya ina kallonsa har ya gaji ya naɗe min a jarida. Kafin in iso gida rabinta ya tsiyaye a gefen rigata.

A hanya na gama tsara komai. Zan dafa dankalin turawa da wuri, in tsoma shi a ruwan ƙanƙara ya huce, in yanka shi da dafaffen ƙwai da kokwamba da albasa, in matse lemun tsami, in zuba ɗan yogot. Kifin in gasa shi, na Baba daban ba gishiri. Na Mama in murƙushe dankalin da yogot ya yi laushi. Kankana a ƙarshe. Abinci mai sanyi, wuta kaɗan, in gama kafin la'asar in samu in yi wanka in zama mutum kafin baƙona ya iso.

Ina cikin ɓare ƙwai Yaya ya leƙo, ya dawo daga aiki da wuri saboda maganar. Ya kalli kwanon ya tambaya wannan na buɗe baki ne ko. Na ce shi ne abincin. Ya yi dariya ya ce ai ba za a tara maza a ba su ganye da dankali mai sanyi ba, baƙo zai ce rowa muke yi, in taimaka in ɗora shinkafa da miya ko kaɗan ce, mai ɗan yaji. Bai jira amsa ba ya haye sama.

Na kunna kai na biyu na gas ɗin. Rana ta riga ta sauko kan bangon. Na soya albasa, na zuba tumatirin gwangwani, mai ya fantsalo min a bayan hannu, ban ko tsaya dubawa ba don wurin ya saba. Gumi na shiga min ido. Daga falo ina jin rediyon Baba mai batir, daga sama ina jin yaran Yaya suna tsalle. A raina na ce, yau dai ɗaya, wataƙila daga yau a fara ƙirga min kwanakin fita.

Wankan da na samu na minti kaɗan ne, ruwan tanki ma da zafinsa kamar an dafa. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni, wadda Kemis ya taɓa cewa tana min kyau, na shafa hoda ta narke kafin in kai ƙofa, na goge ta gaba ɗaya.

Cikin gida ba ya zaunuwa, sai aka shimfiɗa tabarma a baranda, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Mama. Kemis ya iso rana ta yi sanyi kaɗan, cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, bayanta kuwa ya jiƙe sharkaf. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Yaya, ya tambayi jikin Mama. Ni ko kallona bai yi ba, sai da na ajiye masa ruwa ya ce sannu a hankali, idonsa a kan sabon ƙunan hannuna.

Na jera abinci zan koma ciki, Baba ya ce in zauna, maganata ce za a yi. Na zauna a bakin tabarma.

Aka fara ci. Baba ya yaba kifin. Yaya ya cika faranti da shinkafa yana ci yana share goshi. Kemis ɗan dankalin ya ɗiba, yana juya cokali, kunya ta hana shi ci. Da Baba ya ba shi dama, ya yi bayani a natse: aikin da ya samu, gidan da za a ba shi, da cewa yana roƙon a ba shi ni mu tafi tare. Ya ce ya san halin da gidan yake ciki, bai manta ba. Akwai wata dattijuwa da ya sani, ta daɗe tana kula da masu irin ciwon Mama, ta kuma iya girkin marasa lafiya, shi zai ɗauki nauyinta. Mu kuma duk hutu za mu zo.

Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya ce shi bai taɓa ganin aibinsa ba. Sannan ya ce an taɓa kawo mai girki a farkon ciwon, kwana kaɗan ta yi, shi ya kasa cin abincinta, Mama kuma ta rame. Ya ce shi a shekarunsa ba ya jin zai iya sabawa da hannun baƙo.

Nan Yaya ya ajiye cokali, ya gyara zama irin na wanda ya zo da mafita a aljihu. Ya ce shi ya yi tunani, abin ai mai sauƙi ne. Ga ɗakuna biyu a bayan gida da muke zuba tarkace. Zai kwashe, ya yi fenti, ya sa tayil, ya fitar musu da ƙofa ta waje, duk daga aljihunsa. A ɗaura aure ko wata mai zuwa. Kemis ya ci gaba da aikinsa na bakin titi, ga shi kusa, ba kuɗin haya, ba kuɗin mota.

"Ka ga ita tana ɗakin mijinta, kuma tana gida," in ji Yaya. "Taku kaɗan ne zuwa kicin. Kowa ya huta."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Fuskarsa har haske take yi. Na kalli ɗakunan daga inda nake zaune, tagarsu tana kallon ƙofar kicin. Na ga kaina da ciki ina tsaye a gaban gas ɗin nan, na ga kaina da goyo, na ga kaina da furfura.

Kemis ya sunkuyar da kai. Baba ya ce shawarar ba ta da laifi, amma ba za a yi min dole ba, shi bai taɓa yi wa 'ya'yansa dole ba. Ya juyo gare ni, muryarsa a tausashe kamar kullum.

"Mamana, ke za ki faɗa. Za ki iya tafiya ki bar uwarki a haka?"

Ku gaya min, 'yar da aka haifa aka raina, wace amsa za ta bayar? A gaban mahaifinta, a gaban yayanta, a ƙarƙashin tagar uwarta? Da ya tambaye ni me nake so, wataƙila da na iya buɗe baki. Amma tambayar da ya yi ƙofa ɗaya gare ta. Na ji idon Kemis a kaina.

Na ce na bar ruwa a wuta, na tashi.

Babu komai a wuta. Na tsaya a tsakiyar kicin, bangon yana ta fitar da zafin da ya tara tun rana, tukwane a jibge suna jirana. Ban yi kuka ba, jikina ba sauran ruwan da zai yi hawaye. Sai ga Auta ta shigo a hankali, ashe tana bayan labule tana ji. Ta tsaya kusa da ni tana wasa da zoben hannunta. Na ɗauka lallashina ta zo yi.

"Yaya, don Allah ki yarda da ɗakunan bayan," ta ce. "Idan kika tafi ni za a sa. Saura min shekara ɗaya in gama."

Na so in ji haushinta, na kasa. Ita kaɗai ce a gidan ta faɗi gaskiyar abin da kowa yake tsoro. Na kalle ta, fuskarta fes, hannunta ba tabo ko ɗaya, na tuna ni ma haka nake lokacin da aka ce in riƙe na ɗan lokaci. Na ce ta je ta kwaso kwanuka.

Ina jin Kemis yana sallama da su Baba, na ji ƙarar ƙofar gida. Ko minti biyar ba a yi ba saƙonsa ya shigo.

"Ina bakin layi, na kasa tafiya. Na ga fuskarki. Idan kika ce in zauna, gobe zan kira su in ce na fasa, in shiga ɗakunan, kuma ba za ki taɓa jin gori a bakina ba. Amma ki gaya min abin da ke kike so. Ba abin da zai fi yi wa kowa sauƙi ba."

Na rubuta "ka zauna", na goge. Na rubuta "ka tafi", na goge. Idan na ce ya zauna, na jawo shi cikin kejin da nake ciki, in riƙa kallonsa kullum yana tafiya shagon da ya gaji da shi saboda ni. Idan na ce mu tafi, na miƙa wa Auta ludayi na gudu. Idan na ce ya tafi shi kaɗai, to wannan ba sai na gaya muku ba. Na jefa wayar a aljihu, na ɗauki kwanon Mama, don lokacin maganinta ya kusa kuma ba a sha da yunwa.

Ɗakinta ya ɗan yi duhu, na kunna fitilar caji. Tana jingine da filo kamar yadda na bar ta, amma idonta a buɗe tar, tagar kuma a buɗe take. Sai a lokacin na tuna a ƙarƙashinta aka yi zaman. Mun saba yin magana a gaban Mama kamar ba ta nan, mun manta bakin ne ya tafi, kunnen yana nan.

Na ɗaura mata tawul a wuya, na ɗebo dankalin na kai bakinta. Ta rufe baki gam. Na lallashe ta, na ce mai sanyi ne, da yogot ɗin da take so. Ta kawar da kai. Da na sake kai cokalin sai ta sa hannun hagu ta kama wuyan hannuna, da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Ta juya bayan hannuna zuwa hasken fitila, tana kallon ƙunan yau da tsofaffin da suka yi baƙi. Sannan ta saki, ta jawo hannunta na dama da ya mutu, ta ɗora shi a kan cinyata kusa da nawa. Kullum ni nake wanke hannun nan, ni nake shafa masa mai, amma ban taɓa haɗa shi da nawa na kalla ba. Tabon iri ɗaya ne, har wuraren da suke.

Bakinta ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"Kira... Babanki."

Na ce ta ci ko cokali biyu tukuna. Ta buga katifa da hannu. Na tashi na kira shi.

Baba ya shigo yana tambaya ko jikin ne. Mama ba ta kalle shi ba, ni ta kalla, ta nuna min ƙofa da haɓa.

"Fita."

Na fita da kwanon a hannu, na ja ƙofar, amma ƙafata ta ƙi gaba. Wayar tana ta rawa a aljihuna, na san waye, ban ɗauka ba. Daga ciki ina jin numfashin Mama irin na mai ɗaukar kaya mai nauyi. Sai na ji muryarta, a karye, tana jan kowace kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi.

"Shekara... talatin... ina... tsaye... a kicin..."

Baba ya ce a hankali ta rage murya, yara na ji.

Mama ba ta rage ba.